Yara biyu na karatun bayolin da fiyano: ina kuɗin dangi ya kamata su fara zuwa?

Kawun Yara, Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kiɗan Turawa irin na karatu, wanda ake koyo daga rubutu. 'Ya'yan ƙanwata biyu ne suka kama wannan layin. Babbar tana da shekara 19, ta samu gurbin difloma a makarantar kiɗa a Legas, bayolin take kaɗawa, wato gogen Turawa. Ƙanenta yana da shekara 16, yana nan Katsina yana koyon fiyano, yana so ya bi sahunta baɗi in Allah ya kai mu. Abin da yake atisaye da shi yanzu kibod ne mai maɓallai 61.

Dangi sun yi karo-karo, aka ce ni zan riƙe kuɗin. Wasu na cewa a sayo wa yaron fiyano na katako, ko da na hannu ne, a ajiye a falo. Wasu na cewa a fara saya wa yarinyar bayolin mai tsada tunda ita ta riga ta shiga. Kuɗin ba za su ɗauki duka biyun ba. Sannan za ta zo hutu a Disamba da bayolin ɗinta, an ce mini hunturu na ɓata shi. Don Allah ba muhawarar dacewar kiɗa nake nema ba, iyayen sun gama wannan magana tsakaninsu. Abin da nake so in sani shi ne: me ake fara saya, me ake bari, me kuma ke cin kuɗi a ɓoye?

Mai Gyaran Kayan Kiɗa

Wa alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da batun Disamba, don shi ya fi kusa, shi ne kuma zai iya cinye kuɗinku ba ku shirya ba.

Bayolin siririn katako ne, saman jikinsa kaurinsa wajen milimita 3 ne, ga tsirkiyoyi huɗu suna jansa da ƙarfin da ya haura kilo 20. Danshin iskar da yake so tsakanin kashi 40 ne zuwa 60 cikin ɗari. A Legas danshi kan zauna wajen kashi 80, a Katsina kuwa da hunturu yakan sauka ƙasa da 20. Katakon da ya sha laimar Legas ya kumbura, in aka sauke shi nan cikin kwana ɗaya sai ya tsuke da sauri, kuma a faɗi yake tsukewa, ba a tsawo ba. Daga nan abu biyu ke faruwa. Ko dai gam ɗin gefe ya saki, ko kuma saman ya tsage. Sakin gam shi ne mai sauƙi, da gangan ma ake haɗa bayolin da gam na fatar dabba, don ya saki kafin katako ya fashe. Tsagewa kuwa, musamman wadda ta bi ta kan ɗan ginshiƙin da ke tsaye a ciki, gyaranta sai an buɗe jikin gaba ɗaya, kuma darajar kayan ta faɗi ke nan.

Maganin ba shi da tsada. A sayi ƙaramin ma'aunin danshi na batir a sa cikin akwatin. Kafin a yarda da shi a gwada shi: a zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, a sa shi tare da ma'aunin cikin roba mai rufuwa ruf, a bari ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, to kun san duk abin da ya faɗa sai a ƙara 5. Sai a samu gidan sabulu na roba, a huda masa ramuka, a sa soso a ciki wanda aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga ko ɗigo ɗaya, a ajiye shi a aljihun akwatin ko kusa da kan bayolin ba tare da ya taɓa katako ba. Da hunturun nan sai an duba soson kullum. Akwai 'yan buhunan Boveda masu lamba 49 da ke riƙe danshi daidai, in an samu sun fi, amma soso ma yana aiki. Bokitin ruwa a kusurwar ɗaki ba ya yin komai, ɗakin ya yi masa girma. Akwati rufaffe shi ne ɗakin bayolin, in ba kaɗawa ake yi ba ya koma ciki a rufe. Ranar komawa Legas kuma a cire soson, in aka manta sai fumfuna.

A hanya, kada ya shiga but ɗin mota, kada ya hau saman mota, kada ya shiga cikin kaya a jirgi. Kan cinyarta zai zauna, nesa da ranar taga. In ta iso gida ta bar akwatin a rufe kamar awa ɗaya kafin ta buɗe.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne bakan, wato sandar nan mai gashin doki da ake goga wa tsirkiya. Tsagiyar doki tana tsukewa da bushewar iska. Bakan da aka sa wa gashi a Legas daidai wa daida, in ya zo nan gashin zai gajarce har a kwance dunƙulen ƙarshe gaba ɗaya bai saki ba. In ya zauna haka sandar ta karkace, wani lokaci kan ya ɓalle. Ta gaya wa mai sa gashin cewa Arewa za ta, ya bar mata shi da ɗan tsawo. Wajen kaɗawa, tazarar gashi da sanda a tsakiya kamar kaurin fensir ce, in an gama a sassauta.

Turakun da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya su ma za su riƙa sulɓewa, har ta buɗe akwati ta tarar tsirkiya biyu sun kwance. Ba lalacewa ba ce. Ana murɗawa ana ɗan tura turken ciki. Abin kiyayewa shi ne kada a bar huɗun duka su kwance lokaci guda, domin jakin da tsirkiyoyi ke hawa ba manne yake ba, ginshiƙin ciki ma ba manne yake ba, nauyin tsirkiya ne ke riƙe da su. In ginshiƙin ya faɗi za a ji abu yana gangarawa a ciki. To a daina kaɗawa, a bar tsirkiyoyin a sake har a kai wa mai gyara. In kuma aka fara jin zuzzz a murya, a bi gefen jikin ana ƙwanƙwasawa a hankali da gaɓar yatsa, inda gam ya saki amonsa daban ne. Ina roƙonku kada kafinta ya taɓa shi, kada a sa sufa gulu. Wannan gam ba ya cirewa, gyaran ƙaramin kuɗi sai ya koma babba.

Na ƙarshe, turare. Na feshi akwai sinadarin da ke narkar da fentin bayolin nan take. Tsumma busasshe mai laushi kawai ake goge shi da shi, bayan kowane kaɗi, a share garin ƙaron da ake goga wa gashin baka daga tsirkiya da saman jiki.

Mai Saitin Fiyano

Alhaji, fiyanon katako na hannu a falon Katsina, ni ban ba da shawara ba. Ga dalili.

A cikinsa akwai wayoyi wajen 230, jimillar ƙarfin da suke ja ya kai tan 18 ko fiye. Kowace waya an naɗe ta a ƙusar ƙarfe da aka dasa cikin katako mai kauri, matsewar katakon ce kaɗai ke hana ƙusar juyawa. Damina ta kumbura katakon, hunturu ya tsuke shi, shekara ta zagayo a sake. Bayan 'yan shekaru ramukan sun buɗe, ƙusoshin sun yi lako-lako, a saita yau jibi ya sauka. Allon amo da ke baya shi ma tsagewa yake yi. Wanda aka kawo na hannu daga Turai ya riga ya tsufa a can kafin a yar da shi, da yawa ma masu maɓallai 85 ne, na tsohon ƙira. Ga nauyi, kilo 200 zuwa sama. Ga ɓeraye masu son ulun gudumomi, ga gara. Saiti kuma aƙalla sau biyu a shekara, kuma galibi mai saitin daga wani gari za a kira shi, kuɗin motarsa da masaukinsa a kanku. Yaron da ke atisaye kan fiyanon da muryarsa ta sauka, kunnensa ake ɓatawa, gara ma babu.

In dangi sun dage, a je da mai saiti kafin a biya. Ya gwada ko muryar A, wadda ake auna saiti da ita, tana kan ma'auninta na 440, ya sa makulli ya ji matsewar ƙusoshi, ya duba firam ɗin ƙarfe. In firam ya tsage, magana ta ƙare, ko kyauta aka ba ku kada ku ɗauka.

Abin da yaron ke buƙata yanzu fiyano ne na lantarki mai maɓallai 88, masu nauyi irin na guduma, na hagu sun ɗan fi na dama nauyi kamar yadda yake a na katako. Yamaha P-45 ko P-145, Roland FP-10 ko FP-30X, da ire-irensu na Kawai da Casio, duk suna cikin wannan rukuni. Kibod mai 61 da yake da shi maɓallansa sifirin ne ke mayar da su, yatsa ba ya koyon auna nauyi a kai, kuma kiɗe-kiɗen manyan matakai sun wuce faɗinsa hagu da dama. Ku lura da masu sayarwa da ke cewa maɓallai suna jin taɓi. Jin taɓi daban, nauyin guduma daban. A danna a ji, mai guduma yana da ɗan jinkiri wajen dawowa.

Kada a tsaya kan fiyanon kaɗai. Ɗan fedan, wato abin takawa da ƙafa mai tsawaita amo, da ke zuwa cikin kwalin wasunsu, mai siffar gidan ashana, kunnawa da kashewa kawai ya sani, a sayi na ainihi mai dogon harshe, in fiyanon na karɓar rabin taku a nemi mai yin haka. A sa wa kafinta ya yi tebur mai ƙarfi, saman fararen maɓallai ya kasance wajen santimita 72 daga ƙasa. Ƙafar ƙarfe mai gicciye tana rawa, kuma tana tare gwiwa. Kujera marar hannu, tsayin da zai sa damtsen yaron daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya yi daidai da maɓallai. Sai mayafin rufewa mai kauri, domin ƙurar hazo in ta shiga ƙarƙashin maɓallai tana hawa kan robar da ke karanta bugu, sai ka ga maɓalli ɗaya yana ihu shi kaɗai ko ya yi shiru.

Wuta: waɗannan ba su cin wat 20, ƙaramin batir da inbata mai tsaftatacciyar wuta ya ishe su, ko solar gida. Abin da ke kashe su shi ne dawowar wutar Nepa da ƙarfi da kuma janareton da ke hawa da sauka. A sa sitabilaiza, in an gama a zare daga soket. Hedifon mai kyau kuma zai raba ku da maƙwabta.

Malamar Kiɗa

Na yarda da Malam mai saiti a kan saye, amma kada a ɗauka na lantarki ya gama komai. Daga wajen mataki na 6 zuwa sama, sarrafa feda da fitar da murya mai laushi sai a kan na katako ake koyonsu, kuma ranar jarrabawar shiga na katako za a sa masa a gaba. Don haka a ware kuɗin da zai je Legas ko wani gari mai fiyano na ainihi, ya yi mako uku ko huɗu kafin ranar. Yaro da yawa ya iya kiɗansa sarai, amma minti biyar na farko kan baƙon fiyano ya rikita shi. A gida kuma kada ya rage ƙarar na lantarkin sosai, zai saba da dukan maɓallai. Kada kuma ya ƙure ta, yatsu za su yi lalaci.

Kawu, ban ga inda ka ambaci takardar mataki ba, kuma nan ne yaranmu na Arewa ke makara. Hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Landan, wadda aka kafa a 1889, tana da mataki 1 zuwa 8. A jarrabawar gaba da gaba maki 150 ne: kiɗa uku kowanne 30, sikel (hawa da saukar muryoyi a jere) 21, karanta rubutun da ba ka taɓa gani ba nan take 21, gwajin kunne 18. Ana ci da 100, yabo daga 120, fice daga 130. Ba a barin ɗalibi ya shiga mataki na 6 sai ya ci tiyori (ƙa'idojin kiɗa a rubuce) na mataki na 5, wanda yanzu a kwamfuta ake yinsa, ko wata jarrabawar da hukumar ta amince ta tsaya a madadinsa. Tun 2020 kuma sun buɗe wata hanya ta bidiyo, kiɗa huɗu a ɗauka a jere ba yankewa a tura musu. Ga mazaunin Katsina wannan sauƙi ne babba. Sai dai akwai tarko: ta bidiyon ba ta gwada sikel da karatun nan take, makarantar kiɗa kuwa za ta gwada. Kada a bar su. Hukumar Trinity ta Landan ma na da nata matakan, MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Onikan a Legas, wadda aka kafa a 1983, ita ma tana da nata jarrabawar. A rubuta wa makarantar da yake nufi a tambayi takamaiman abin da suke karɓa a bana, kada a dogara da abin da yayarsa ta tarar.

Awa biyu zuwa uku a rana sun ishe shi in an tsara su. Minti 20 sikel, minti 15 karatun sabon rubutu mai sauƙi wanda bai taɓa gani ba, ba tsayawa ko ya yi kuskure, sauran kuma kan kiɗan jarrabawa, gaɓa-gaɓa, a hankali, da na'urar ƙidaya bugu wadda ake saukewa kyauta a waya. Kaɗa waƙa daga farko zuwa ƙarshe sau goma ba atisaye ba ne, nishaɗi ne. Ya riƙe ƙananan kiɗan Bach masu murya biyu, guda 15 ne, babu abin da ya kai su raba hannun hagu da na dama. Rubutun tsofaffin mawallafa irin su Bach da Mozart da Beethoven kyauta ne a shafin IMSLP, kuɗin bugawa kawai za ku biya. Ya kuma san na gida: Akin Euba da Joshua Uzoigwe sun rubuta wa fiyano kiɗan da ke tafiya da salon ganga, kuma masu jarrabawa a Najeriya suna jin daɗin ganin ɗalibi ya san su.

Malami ta intanet yana yiwuwa, sau ɗaya a mako. A Zoom sai an kunna saitin sautin ainihi na makaɗa, in ba haka ba manhajar za ta ɗauki dogon amo a matsayin hayaniya ta datse shi. A ajiye wayar a gefe, ta nuna hannu biyu da kafaɗa da ƙafar feda. In intanet na yankewa, ya ɗauki bidiyo ya tura kafin darasi.

Ita kuma yayar, abubuwa ƙanana. Hijabi mai santsi yana sa bayolin zamewa daga ƙarƙashin haɓa, sai ta riƙa matse wuya don ta riƙe shi, daga nan ciwon wuya da kafaɗa ke farawa. Yadin auduga, ko ɗan ƙyallen fata mai laushi a kan mazaunin haɓar, yana magance wannan. Lalle ba ya hana komai, amma farcen hannun hagu dole a yanke shi ƙasa. Kaushin hunturu na fasa kan yatsu, ta shafa man kaɗanya da dare, ta wanke hannu tas kafin ta taɓa tsirkiya, maiƙo na kashe gashin baka. Su biyun duka, bayan minti 45 a huta minti 10. In wuyan hannu ya fara zafi ko yatsu suka yi sanyi kamar ba jini, a tsaya, ba juriya ake nunawa a nan ba. Kuma tunda suna gida ɗaya a hutu, ya riƙa yi mata rakiya da fiyano. Ita ta samu mai rakiya kyauta, shi ya koyi bin numfashin wani, abin da ba a koyo kai kaɗai.

Kawun Yara, Ƙofar Ƙaura

Allah ya saka da alheri, na fahimci na fiyano. To batun sabon bayolin fa, a bari ke nan? Wani daga cikin dangi kuma ya ce akwai masu goge a nan garin da ke sa tsagiya da kansu, ko za su iya yi mata gyaran baka in ta zo, a huta da jiran Legas?

Hajiya, Unguwar Layout

Alhaji, kafin mai gyara ya dawo, bari in ce wani abu kan riƙon kuɗin, don a nan zumunci ke ɓaci.

Abin da ke mayar da ɗalibin kiɗa gida ba rashin kaya mai tsada ba ne, ƙananan kuɗin wata-wata ne. Ɗaki a Legas, ga kuɗin mota kullum in tana zaune nesa da makaranta. Tsirkiyoyi: mai kaɗa awa uku zuwa huɗu a rana sai ta canza jeri ɗaya duk wata huɗu zuwa shida, kuma kuɗinsu da dala yake tafiya. Gashin baka sau ɗaya ko biyu a shekara. Kuɗin mai rakiya da fiyano lokacin jarrabawa, har da na gwaji kafin ranar. Baƙaƙen kaya na hawa dandali, masu hannun da ba ya takura. Fotokwafi, data, kuɗin rajistar jarrabawar yaron. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma in suka haɗu a wata guda sai yarinya ta ji kunyar sake kira, ta ci gaba da kaɗa mataccen tsirkiya.

Don haka in ni ce, rabin kuɗin ba zan taɓa shi ba, na wata-wata ne har ta gama. Daga sauran a sayi fiyanon lantarki da kayansa. A bar wani abu a gefe na gyaran gaggawa, wanda ba a ranta wa kowa ko da biki ya taso. In MUSON take, Gidauniyar MTN na ɗaukar nauyin ɗaliban difloma a can tun 2006. A nemi makarantar ta rubuto abin da tallafin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, kada dangi su biya abin da an riga an biya, kada kuma su zaci an biya abin da ba a biya ba.

Kuɗin makaranta da na malami a tura kai tsaye, a ajiye rasit. Na aljihu a tsayar da rana ɗaya a wata, kada sai ta roƙa. Fiyanon kuma a rubuta tun yanzu cewa na dangi ne aka ba yaron aro, ko kuma nasa ne kyauta. Ko wanne kuka zaɓa, a rubuta, a karanta a gaban kowa.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada a mayar da su makaɗan biki don an taimaka musu. Wanda ya ba da gudummawa yana da haƙƙin ya san ana ci gaba, wannan kuwa sakamakon zango da ɗan bidiyo duk wata uku a zauren WhatsApp na dangi ya wadatar. Amma a kira yarinya ta fito da bayolin tsakar gida da rana tsaka cikin ƙura ta yi wa baƙi, wannan ba girmamawa ba ce, kuma kun ji abin da mai gyara ya ce game da iskar.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa

A bari tukuna, Alhaji. Malaminta ne zai ce kayan ya yi mata kaɗan, ba dangi ba. Sau da yawa bayolin mai matsakaicin kuɗi ba sauyi yake buƙata ba, gyaran zama yake buƙata: a sassaƙa masa sabon jaki daidai da jikinsa, a gyara tsayuwar ginshiƙin ciki, a sa tsirkiyoyi na kirki. A ƙarshen allon yatsu, tsirkiyar E, mafi siranta, ta tashi kamar milimita 3 da rabi, ta G, mafi kauri, kamar 5 da rabi. In sun fi haka yatsu za su wahala, in sun gaza za su riƙa taɓa allo. Bayan wannan, in akwai rarar kuɗi, baka mai kyau ya fi sabon bayolin amfani. Na zaren kabon ya dace da mai zirga-zirga tsakanin Legas da Katsina, sandarsa ba ta damu da laima ko bushewa ba. Nauyinsa ya zama wajen giram 60. Ta riƙe tsohon a matsayin na biyu.

Ranar da za a sayi sabon, ita za ta gwada da hannunta, uku ko huɗu a jere, malamin yana saurare daga nesa. Takardar da ke manne a ciki mai sunan Stradivari, shahararren maƙerin bayolin na Italiya na zamanin da, kada ta ruɗi kowa, masana'antu sun manna irinta a dubban kaya. Tsirkiya kuma a saya wurin dila sananne, na jabu masu kwaikwayon manyan sunaye sun cika intanet. Ta ajiye jeri ɗaya cikakke da E guda biyu a akwati, ita ce mai yawan tsinkewa. Canji ɗaya bayan ɗaya ake yi, a goga bakin fensir a ramin da tsirkiya ke bi a kan jaki da can sama, sannan a duba jakin ta gefe: bayansa mai kallon wutsiya ya tsaya cak a miƙe, don ɗaure tsirkiya na jansa gaba har ya lanƙwashe.

Masu goge kuwa, sun san tsagiya, ba a raina musu. Amma aikin daban ne. A bakan bayolin gashi 150 zuwa 200 ake tsefewa su kwanta a jere kamar kintinkiri mai faɗin santimita ɗaya, ba wanda ya hau kan wani, a riƙe su da 'yan ƙananan katakai uku da ake sassaƙa wa kowane baka nasa. In katakon kai ya yi girma kaɗan sai ya fasa kan bakan. Ta yi gyaran a Legas mako biyu kafin ta taso. Ƙaron ma kada a haɗa, nata na itacen fayin ne da aka dafa. Ta zaɓi mai haske mai tauri, baƙin yana yin danƙo da zafin bazara. In gashi ɗaya ko biyu suka tsinke a nan, ta yanke su da almakashi daga tushe, kada ta fizge, fizga na sassauta ƙullin da ke riƙe da sauran.